Wasiƙa daga Beaune: inabi iri biyu da abincin da ake ci da su

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata damina ta yi albarka, iyalai kuma suna lafiya.

Karatun aikin gona ne ya kawo ni Dijon, a yankin Bourgogne na gabashin Faransa, aka kuma tura ni sanin makamar aiki a gonar inabi ta wasu iyali kusa da Beaune. Na san tambayar da ke bakinku. Inabin nan giya ake yi da shi, ni kuwa ba na sha, addinina ya hana, masu gonar sun sani kuma ba su taɓa matsa mini ba. Aikina ƙasa ne da itace. Amma na ga yadda mutanen nan suka san gonarsu taƙi-taƙi, har suka gina girkinsu a kan abin da take ba su, na ce wannan bai kamata ya wuce manomi ba.

Kusan duk sunan da yankin ya yi, inabi iri biyu ne suka jawo shi. Chardonnay fari ne, ɓawonsa kore mai komawa ruwan zinariya in ya nuna. Pinot noir baƙi ne, sai dai in ka matse ƙwaya ɗaya a yatsa ruwan da zai fito fari ne tas. Jan launin yana cikin ɓawo, sai an bar ruwan ya jiƙa da shi kwanaki a babban mazubi. Pinot akwai wuyar sha'ani: ɓawonsa siriri, 'ya'yansa a cunkushe, ruwan sama kaɗan gab da girbi sai ruɓa ta shiga tsakiyar nonon. Lokacin tsinka ana durƙushe ne da ɗan almakashi, ka juya nonon inabin a tafin hannu, ka yanke ruɓaɓɓen wurin kafin ka sa a bokiti, hannu duk ya yi danƙo da zaƙi, zanzaro na kewaya ka. Duk da wahalarsa ba su sake shi ba. Tun 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tuge inabin gamay mai yawan 'ya'ya domin a bar wa pinot fili.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne rabon gonakin. Gangaren tudun da ya miƙa daga Dijon zuwa kudu da Beaune an yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da sunansa da iyakarsa, wasu da katangar dutse. Guda 1,247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. 'Yan zuhudun Kirista na Cîteaux, waɗanda suka kafa gidansu a 1098, suna cikin waɗanda suka daɗe suna noman wuraren nan, su ne ma suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katanga. Iri ɗaya, manomi ɗaya, amma gonar tsakiyar gangare mai tsakuwar farar ƙasa, inda ruwa ba ya kwanciya, ta ninka ta gindin tudu daraja sau da yawa, alhali 'yar hanya ce ta raba su. Gonar Romanée-Conti da duniya ke rububin giyarta ba ta kai hekta 2 ba. Doka ce ke tsare sunayen, ba mai liƙa sunan gonar da ba tasa ba. Duk sanda na ga haka sai albasar Galmi ta faɗo mini a rai, yadda ake kiran kowace jar albasa da sunanta a kasuwannin bakin teku, manomin Galmi kuwa bai ga ribar sunan ba.

A tebur ƙa'idarsu ta haɗa giya da abinci ba ta da wuya, uwar gidan da ke dafa wa ma'aikata ce ta warware mini ita. Abinci mai maiƙo yana son abin sha mai tsami da zai wanke baki, mai nauyi yana son mai nauyi, kada ɗaya ya danne ɗaya. Chardonnay na Chablis, can arewa, yana fitowa daga ƙasa mai cike da ɓawon ƙananan kawa na tsohon teku, ya fi tsami da kaifi, don haka da kawa da kifi ake kawo shi, ko dodon koɗi da aka gasa da man shanu da tafarnuwa. Na ƙauyen Meursault kusa da Beaune, wanda ya kwana a gangar katako mai cin lita 228, ya fi kauri, sai a haɗa shi da kazar Bresse cikin miyar kirim, ko cukun Comté. Pinot noir ba shi da bauri sosai, saboda siririn ɓawon nan, shi ya sa ba ya danne nama mai laushi. Agwagwa, zomo, gasasshiyar kaza da lemar kwaɗi su ne abokansa. Barkono mai zafi kuwa duka biyun ba sa jure shi, yajin girkinsu ma bai taka kara ya karya ba.

Ni da nunannen inabi da ɗanyen ruwansa na gane zancen. Ranar matsa ana tarar ruwan a kofi yana fitowa, bai fara tsima ba, mai duhu-duhu kamar kunun tsamiya, zaƙi a gaba tsami a baya. Na chardonnay daga gonar sama ya fi na ƙasa cizon harshe, ko yaro zai bambance. Tsamin nan ne suke tsoron rasawa yanzu da zafi ke ƙaruwa. Beaune na da lissafin ranakun girbi tun 1354, kuma daga 1988 girbin ya matso gaba da kusan mako biyu. Itacen kan yi toho da wuri, sanyin Afrilu ya zo ya ƙone tohon. A 2021 manoma sun kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, duk da haka asarar ta yi muni. Ni da na taso inda ake zaman jiran ruwan shuka, ban ji damuwarsu baƙuwa ba.

Wanda hanya za ta kawo nan, ya riƙa tambaya kafin ya ci. Naman sa da suke kira boeuf bourguignon, da kazar coq au vin, da ƙwan da suke kira en meurette duk da jar giya ake dafa su. Cukun Époisses ana wanke bayansa da barasar da ake samu daga tukar inabi. Jambon persillé naman alade ne. Mustad ɗin Dijon ma, kwaɓin yajin da suke cin nama da shi, wani da farar giya ake kwaɓa shi, sai an duba takardar jikin kwalba. Ba sa jin haushin tambayar, a gidan da nake uwar gidan kan ware mini tukunya ta sa ruwan ɗanyen inabi mai tsami, wanda suke kira verjus, a madadin giya. Akwai mahauta Musulmi a Dijon, nama bai zama matsala ba.

Ranar Lahadi ta uku ta Nuwamba za a yi gwanjon gangunan giya na Hospices de Beaune, asibitin talakawa da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443. Gonakin da mutane suka yi ta ba shi kyauta sun kai kusan hekta 60, kuɗin gwanjon kuma yana tafiya hidimar marasa lafiya. Kafin nan ganye zai zube, mu shiga sassabe rassa cikin sanyi.

A gaishe mini da dattawa da yara.

Ɗan'uwanku a Beaune.