Watan da ba shi da ranar 31

Tun farkon 2024 nake riƙe da jagorar amfani da manhajar tunatarwa a wurin aikinmu. Manhajar ba mu muka rubuta ta ba. Sunanta Remind, Dianne Skoll ce ta fara ta a Kanada tun wajen 1990, kuma har yanzu ana ci gaba da gyara ta. Asalinta fayil ne na rubutu zalla, kowane layi tunatarwa ɗaya. Ka buga umarni a baƙin allo, ta karanta fayil ɗin, ta faɗa maka abin da ke gabanka yau. Mu mun ɗora ta a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, kullum da safe ta tura wa kowa nasa ta imel.

Tana da shafin bayani nata, wanda ake buɗewa da `man remind`. Cikakke ne, ban taɓa neman wani abu na rasa a ciki ba, sai dai layukansa dubbai ne, kuma abokan aikina masu lissafin kuɗi ne da masu kula da sito, ba su da lokacin zama su karance shi. Shi ya sa aka ce in rubuta gajeriyar jagora. Na yi ta shafi shida, na cika ta da misalai.

A cikin misalan akwai wannan, a ƙarƙashin taken tunatarwar ƙarshen wata:

`REM 31 MSG A tura rahoton wata`

A Janairu na rubuta shi, na gwada shi a Janairu, ya yi aiki. Hajiyar da ke haɗa rahoton kuɗi ta kwafe shi yadda yake ta zuba a fayil ɗinta. Fabrairu ya ƙare saƙo bai zo ba, amma ta tuna da kanta, ta ɗauka intanet ce ta yanke. A Maris ya zo. Ƙarshen Afrilu ya haɗu da hidimar biki a gidansu, ga kuma hutun ranar ma'aikata, sai ranar Alhamis 2 ga Mayu aka kira ta daga sama ana tambayar rahoto.

Ta zo teburina da takardar jagorar a hannu, ta buga ta a firinta tun farko, gefen shafin duk ta yi masa alama da jan biro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, "Malam, ni dai abin da ka rubuta na bi, ban ƙara ko wasali ba." Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya, laifin daga wurina yake." Ina kallon lambar 31 ɗin nan na gane. Afrilu kwana 30 ne. Manhajar ta yi daidai abin da aka ce mata: ta jira ranar 31, watan ba shi da ita, ta wuce zuwa Mayu. Wata biyar a shekara haka za ta yi: Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun. Yawancin manhajoji idan ka ba su umarni marar kyau za su yi maka ƙorafi nan take, ka gyara. Ita manhajar tunatarwa idan aka rubuta mata ranar da ba ita ake nufi ba, babu jan rubutu, babu ƙara. Rana ce za ta zo ta wuce. Kuma mutumin da ya damƙa mata abu ya riga ya sauke shi daga kansa, ai don haka ya damƙa mata. Kuskurena ya kwana wata uku a cikin takarda, yana da kamannin gaskiya, sannan ya faɗa kan wadda ta amince da ni.

A sakin layin da ke sama da misalin na yi bayani mai kyau a kan yadda ake rubuta rana da wata. Hajiya ba ta karanta shi ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma idan na buɗe jagorar wata manhaja misali nake fara nema. Daga ranar na daina ɗaukar misali a matsayin ado ga bayani. Shi ne ainihin abin da mutane ke ɗauka su tafi da shi.

Yadda ake rubuta ƙarshen wata a Remind shi ne ka kama ranar ɗaya ga wata mai zuwa ka ja baya da kwana ɗaya: `REM 1 --1`. Idan ranar aiki ta ƙarshe kake so, sai `REM 1 -1 OMIT Sat Sun`. Bambancin gajeren layi ɗaya da biyu ba ƙarami ba ne. Biyu na ƙirga kowace rana, ɗaya kuwa yana tsallake ranakun da ka ce ba na aiki ba ne. A Mayun 2025, alal misali, na farko zai faɗa Asabar 31 ga wata, na biyu Juma'a 30. Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗi wannan a jimla ɗaya, daga baya na bar jimlar, na jera ranakun kawai a ƙarƙashin kowane misali. Mutum yana ganin kwanan wata uku a jere ya fahimci ƙa'idar, ko da bai iya faɗin ta da baki ba.

Su ma ranakun ba da kaina nake lissafa su ba. Remind tana karɓar kwanan wata a layin umarni, ta yi kamar yau ce wannan ranar, kuma `remind -n` yana nuna ranar da kowace tunatarwa za ta fara zuwa. Na rubuta ɗan guntun shiri da yake tsamo duk misalan da ke cikin jagorar, ya gwada su a kan ranakun da na san suna da ƙaya: 28 da 29 ga Fabrairu, 30 ga Afrilu, 31 ga Disamba, da watan da ya fara ranar Litinin. Idan abin da ya fito ya saɓa da abin da ke rubuce, ba na sakin jagorar. Ranar da na fara gudanar da shi ya kama wani misalin. Na rubuta cewa `REM Mon 15` na nufin Litinin da ta dace da 15 ga wata, alhali ma'anarsa Litinin ta farko daga ranar 15 zuwa sama. Wani abokin aikina da ya saba da cron, wata manhaja mai tayar da ayyukan kwamfuta a lokacin da aka tsara, ya yi masa fassara ta uku, don a can idan ka haɗa ranar mako da ranar wata, kowacce ta zo aikin zai tashi.

Akwai kuma abin da shiri ba zai gwada mini ba, wato kalmomina. Na taɓa rubuta "daren Juma'a" a bayanin wata tunatarwa ta kwafe bayanan ofis. Wani ya saka ta Alhamis da dare, wani ya saka Juma'a da dare, kuma na farkon ne ya bi yadda muke magana, don a wurinmu dare ne ke gaba da yini. Ita kwamfuta ranarta da sha biyun dare take farawa. Yanzu sunan rana da ƙarfe nawa nake rubutawa. Kwanan wata kuma sai shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, saboda 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Shafukan `man` sun samo asali daga littafin farko na Unix, wani tsarin sarrafa kwamfuta, na Nuwamba 1971, kuma tun a lokacin suna da sashe mai suna BUGS, inda marubucin shiri yake faɗin inda shirinsa ke tuntuɓe. Da ina ganin sashen kamar tonon asirin kai. Yanzu ina ganin babu sashen da ya fi shi mutunta mai karatu. Na buɗe irinsa a jagorarmu, na sa masa suna "Abin da ba za ta yi maka ba", kuma abu na farko a ciki shi ne Sallah. Ranakun hutu irin su 1 ga Mayu, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba a tsaye suke, sau ɗaya ake rubuta su. Manhajar ma tana iya lissafa haihuwar wata, amma lissafi daban, ganin wata daban. A Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, hutun kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke faɗa, sau da yawa saura 'yan kwanaki.

A 2025 muka ga amfanin wannan sashe. An yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, aka ba da hutun Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu. Ke nan ranar aiki ta ƙarshe a watan ita ce Juma'a 28, alhali manhajar, da ba ta san da hutun ba, Litinin take nunawa. Hajiya ce ta fara jin sanarwar a rediyo. Ta buɗe fayil ɗin hutu da kanta ta ƙara layukan OMIT guda biyu kamar yadda jagorar ta nuna, sannan ta leƙo ta ce, "Malam, duba mini ko na yi daidai." Na buga `remind -n`, ya nuna 28 ga Maris.

Abin da nake fama da shi yanzu shi ne siga. Sababbin sigogin Remind sun zo da kalmomi masu sauƙi irin su `Last` da `Lastday`, waɗanda suka fi `--1` daɗin karantawa nesa ba kusa ba. Amma biyu daga cikin kwamfutocinmu tsohuwar siga ce a kansu, ba su san kalmomin ba. Na bar tsohon salon a jagorar, na rubuta sigar da aka gwada misalan da ita da ranar gwajin a saman shafin farko. Sai an sabunta waɗancan biyun zan sauya misalan, in sake gwada su a kan 29 ga Fabrairu.