Wasiƙa daga Iwama, garin da aka haɗa aikido da noma

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali da sana'a. Mu nan Japan sai godiyar Allah.

Tun da na sa hoton nan da nake sanye da farar riga mai kauri, ina riƙe da sanda, saƙonni ke ta shigowa. Wani ya ce na koma ɗan karate, wani yana tambaya ko na fara fasa bulo da hannu. To, aikido ne, wani salon horon faɗa na Japan, kuma ba a fasa komai. Garin da nake koyonsa kuwa, labarinsa ya fi nawa daɗin ji.

Iwama ƙaramin gari ne a lardin Ibaraki, arewa maso gabashin Tokyo, a kan layin jirgin ƙasa na Joban. Tun 2006 aka haɗe shi cikin birnin Kasama. Gonakin shinkafa ne da gidajen manoma, ga dutsen Atago yana kallon garin. Baƙon da ya sauka a tasha ba zai ga alamar cewa mutane na tasowa daga Turai da Amurka takanas saboda wannan wuri ba.

Wanda ya kafa aikido, Morihei Ueshiba, an haife shi a Tanabe a 1883. Ya koyi dabarun kama gaɓɓai da kayarwa na Daito-ryu a hannun Sokaku Takeda, wanda suka haɗu da shi a tsibirin Hokkaido a 1915. A 1931 ya buɗe makarantarsa ta Kobukan a Tokyo, inda hafsoshin soja da manyan gari ke zuwa, horon kuma ya yi tsananin da har aka yi mata laƙabi da makarantar jahannama. Sai a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, mutumin da ya kusa shekara sittin ya bar wa ɗansa Kisshomaru makarantar birni, ya kwashi matarsa suka dawo ƙauyen Iwama. Ya sari daji, ya yi gona, ya gina ɗakin bauta da ake kira Aiki Jinja, a 1945 kuma aka gama ɗakin horo. A ganinsa noma da horon faɗa abu guda ne. Da yaƙi ya ƙare, wannan ra'ayi ya yi rana: a Tokyo ana fama da yunwa, iyalan da bam ya ƙone wa gidaje sun cika makarantar can, a Iwama kuwa akwai abin sawa a baki da filin motsa jiki.

Amma mutumin da nake son ku sani ba shi ba ne. A 1946 wani saurayi ɗan shekara 18, Morihiro Saito, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya shigo makarantar. Aikinsa na kwana ɗaya a bakin aiki ne, kwana ɗaya hutu, don haka ranakun hutunsa duka a gidan malam yake yin su. Da asuba ya riƙe wa tsohon takobin katako su yi atisaye, rana ta yi su shiga gona. Sauran ɗalibai suka yi ta watsewa neman abinci, shi ya zauna. Da ya yi aure, matarsa ma ta shiga hidimar gidan, malam kuma ya yanka masa fili kusa da shi ya yi gini. Shekara 23 yana haka, har Ueshiba ya rasu a watan Afrilun 1969. Duk wanda ya taɓa ganin almajirin da ya girma a zauren malaminsa, yana yi masa noma da damina yana ɗaukar karatu da dare, ya san irin wannan zama.

Tsohon ba ya koyarwa da tsari. Ya nuna abu sau ɗaya ko biyu, ya yi dogon jawabi a kan addini, wanda ya gane ya gane. Saito ne ya zauna ya jera abin yadda mai koyo zai iya bi: saran takobi iri 7, motsin sanda iri 20, da wani jerin motsi 31 da ake yi a haɗe. Littattafan da ya fitar a shekarun 1970, masu bayani da Japananci da Turanci, su suka jawo baƙi daga ƙetare. Har ya rasu a 2002 shi ke riƙe da makarantar da ɗakin bautar, kuma abin da yake tinƙaho da shi bai wuce cewa yana koyarwa yadda aka koya masa ba.

Ɗaliban da ke kwana a gidan, uchi-deshi, har yanzu ba su tsira daga aiki ba. Kafin kowa ya taka tabarmar horo, sai an share ganye, an goge daɓe da tsumma, an cire ciyawa. Na ga likita daga Turai a durƙushe yana wanke banɗaki ba tare da kowa ya ji abin ya yi yawa ba. Da hunturu sanyin tabarmar kan sa yatsun ƙafa su mutu. Sannan a fara da abin da ake farawa da shi kullum, tai no henko: abokin horonka ya damƙe wuyan hannunka, kai kuma ka juya ka koma gefensa, kuna kallon wuri ɗaya. A Iwama damƙar ta gaske ce, ba a yi maka alfarma. Wani dattijo mai furfura da nake yawan faɗawa hannunsa, idan ya riƙe ni, in dai da ƙarfin damtse na nemi juyawa, ko gezau. Ba ya cewa komai. Sai ya ɗan taɓa gwiwar hannuna da yatsa, ya nuna ƙuguna, ya sake miƙo hannu. Shi da ya shekara arba'in yana yi da ni da na zo jiya, darasinmu na farko ɗaya ne.

Na san akwai mai tambaya a ransa, to batun rusunawa fa? Akwai ta, kuma ɗakin bautar nan ba na ado ba ne. Duk 29 ga Afrilu malaman addinin Omoto, wanda Ueshiba ya bi, suna jagorantar babban biki a can. Ni dai tun farko na yi wa malaminmu bayani cewa goshina ba ya taɓa ƙasa sai ga Allah. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Ina gaisuwa da ɗan sunkuyar da kai, lokacin ibadarsu kuma in koma gefe.

Abin da ke ɗan sosa rai shi ne yadda gidan ya rabu. Bayan rasuwar Saito, ɗansa Hitohiro ya ci gaba na ɗan lokaci, a 2004 kuma ya fice daga Aikikai, babbar ƙungiyar aikido, ya kafa tasa, da nasa ɗakin horon a nan cikin garin. Tsohuwar makarantar ta zama reshen Aikikai na Ibaraki, ƙarƙashin iyalan Ueshiba, waɗanda jikan mai gidan, Moriteru, ke shugabanta tun 1999. Ƙasa da gini da suna na masu jini ne, wannan ba gardama. Sai dai a ganina abin da baƙi ke tsallako teku su nema a Iwama, hannun ma'aikacin jirgin nan ne ya adana shi. Ɗaliban ɓangarorin biyu kan haɗu a kanti ɗaya, su gaisa, kowa ya kama hanyarsa.

Wanda ya tambaye ni nawa ake ci idan an yi nasara, ka yi haƙuri, a wannan makaranta ba a gasa, babu kofi babu kuɗi. Mu ne ma ke biya duk wata, mu kuma yi shara.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku, daga Ibaraki.