Wai tunda waya ta zo laburare ya mutu?

Kullum sai ka ji ana cewa ai yanzu ba a bukatar laburare, wai duk littafin da kake so yana intanet. Ni dai ban yarda ba wallahi, kuma ba son tsohon yayi ke damuna ba.

Eh gaskiya ne littattafai na yawo a guruf-guruf na WhatsApp kamar me, to amma a ina yaro zai zauna ya karanta? Ɗaki ɗaya mutum shida, ga ƙanne na guje-guje ga Umma na ƙwala kira a je a sayo magi, an ɗauke wuta tun la'asar waya saura kashi biyar data kuma ta ƙare tun shekaranjiya. Shi ya sa in ka leƙa Laburaren Murtala Mohammed a Kano lokacin jarabawa za ka ga da yawa da takardunsu suka taho, kujera suke nema da fanka da wurin da ba hayaniya.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya amma har yau akwai yaran ƙauye da sai ranar jarabawar suke fara taɓa linzamin kwamfuta, hannu na rawa lokaci na tafiya. Da a ce kowace ƙaramar hukuma na da laburare mai sola da kwamfuta ko goma ne da wanda zai nuna musu ai da an rage wannan asarar, ba sai uba ya biya kuɗin kafe ba.

Sannan wa ya ce komai na intanet? Je ka nemo dukkan tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 mu gani. Ga rubuce-rubucen ajami irin na Arewa House a Kaduna, ga littattafan soyayya na shekarun 1990 da iyayenmu mata suka karanta har bango ya cire, wasu ma gara ta cinye su a ƙasan akwati. Ba wani kamfanin Amurka da zai zo ya ɗauki hotonsu shafi-shafi ya ɗora mana, aikin ma'aikatan laburare ne in an ba su na'ura da albashi kan lokaci.

Kuma don Allah a daina rufewa lokacin tashin ma'aikata, ɗalibi da mai sana'a sai bayan magariba suke samun kansu.