Daren jiya a gidan abincin Italiya

Jiya da daddare maigida ya kai ni wani gidan abincin Italiya a Abuja. Kafin komai sai da na tambaya ko da naman alade a taliyar da suke kira carbonara, don asalinta da shi ake yi. Aka ce e, na haƙura.

Margherita muka ci, fizar birnin Napoli: jan tumatir, farin cukun mozzarella, koren ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya, launukan tutarsu ke nan. Gefenta ya ɗan babbake a murhun itace, in ka ɗago yanka cukun na biyo ka kamar zare.

Taliyarsu ba ta yin luguf irin tamu, da ɗan ƙarfinta a haƙori. Wallahi har yanzu ina jin ƙamshin man zaitun ɗin.