Daga Karkanda zuwa Welford Road

A unguwar Ƙofar Sauri na tashi, cikin birnin Katsina, kuma tun ina yaro na san cewa alƙalin wasa mutum ne da ake zagi. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini haka. A filin unguwa na tarar ana yi, a gidan kallon ƙwallo na ji manya suna yi wa mutumin da ke cikin talabijin wanda ba ya ma jin su, daga baya kuma da aka buɗe filin Karkanda na shiga cikin taro muka yi da murya ɗaya. Maganar da ta fi saurin fita daga bakinmu ita ce "an saye shi", kuma ban taɓa ɗaukar ta a matsayin ƙazafi ba, domin a ganina wani ɓangare ce ta wasan, kamar bugun kwana ko satar gida.

Na sauka garin Leicester na ƙasar Ingila a watan Satumba na 2016, watanni kaɗan bayan ƙungiyar garin ta ɗauki kofin Firimiya, a daidai lokacin da ta sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow. Duk wanda na kira a gida, kafin ya tambaye ni ya sanyi, sai ya tambaye ni ko na ga Musa. Ni kuwa tsakanin karatu da aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, ga rana da ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, ban san ko'ina ba sai ɗakina da masallacin da nake zuwa a Highfields. Saboda haka ranar da wani dattijon Bature da muke aiki tare ya ce yana da tikitin wasa guda biyu na ranar Asabar, ban tambaye shi wane wasa ba, sai da na aika wa ƙanena saƙo cewa ya dube ni a talabijin. Ashe Welford Road ya nufa da ni, filin ƙungiyar zari-ruga ta Leicester Tigers, wanda tsakaninsa da filin King Power tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Rabin farko ban gane komai ba. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar gwanda ce, ba a jefa ta gaba da hannu sai baya, sannan can sai ka ga mutum takwas-takwas sun sunkuya sun haɗa kafaɗu suna turereniya kamar raguna. Abin da na gane ba tare da tafinta ba shi ne abin da ya faru da alƙali ya busa usur ya yafito wani ƙato mai murɗaɗɗun kunnuwa, wanda ya ninka shi a jiki. Ƙaton ya zo ya tsaya, hannuwansa a baya, ya saurari faɗan da aka yi masa, ya ce "sa", wato yallaɓai, ya karɓi katin gargaɗi ya fita ya zauna na minti 10. Ban ga ɗan wasa ko ɗaya ya biyo alƙalin ba. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu kuma a cakuɗe suke zaune, babu shinge babu layin 'yan sanda a tsakaninsu, duk da cewa da yawansu suna riƙe da kofunan giya, abin da doka ta hana a kujerun kallon manyan wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila tun 1985.

A nan ne na fara yin abin kunya. Wani ɗan wasan baƙi ya ajiye ƙwallo zai buga ta tsakanin dogayen sandunan nan, sai filin da ke cin mutum sama da 25,000 ya yi tsit kamar ruwa ya ci su. Ni kuwa da na saba cewa taimakon da mai kallo zai yi wa ƙungiyar gida shi ne ya rikita abokin hamayya, na sa yatsu biyu a baki na yi fito. Wata tsohuwa da ke gabana ta juyo ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, ba ta ce uffan ba, ta mayar da kanta. Dattijon nan ya ɗora hannu a gwiwata ya raɗa mini cewa a nan ba a yi wa mai bugu hayaniya, ko da na abokan gaba ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

A hanyarmu ta komawa ya faɗa mini wata magana da Turawa ke yawan maimaitawa, cewa ƙwallon ƙafa wasan mutanen kirki ne da 'yan daba ke bugawa, zari-ruga kuwa wasan 'yan daba ne da mutanen kirki ke bugawa. Na yi dariya, na kuma yarda da ita na tsawon lokaci, kafin na fahimci cewa akwai raini a cikinta. Wasannin biyu uwa ɗaya suka fito, aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1863, ta zari-ruga a 1871. Ƙwallon ƙafa ta zama ta leburori da ma'aikatan masana'antu, ita kuwa zari-ruga ta masu 15 ta daɗe a hannun 'ya'yan masu hali da makarantunsu na kuɗi, har ta kai a 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle saboda an hana su biyan ma'aikata kuɗin yinin da suka rasa don zuwa wasa, kuma ba a halasta albashi a cikinta ba sai 1995. Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin mun san bambancin filin polo, wasan da Sarki Usman Nagogo ya yi fice a kansa, da filin da muke buga ƙwallon tsumma ba takalmi.

Da iyalina suka iso a 2018, ɗana yana da shekara tara, kuma a makaranta ya kamu da son wasan. Mahaifiyarsa ta ce ba ta haifi ɗa don a riƙa kayar da shi a cikin taɓo ba, sai da muka yi makonni ana ja kafin ta saya masa robar kare haƙora da kanta. Haka na koma mai tsayuwa a gefen fili kowace safiyar Lahadi, cikin riguna uku da hular sanyi, tare da iyayen da a hankali suka zama mutanen farko da na sani a garin waɗanda ba 'yan Najeriya ba. Tun makon farko aka sami saɓani a kan ladabi. Mun koya wa yaron cewa idan babba yana masa magana ya sunkuyar da kai, sai ga mai horarwa ya same ni cikin damuwa yana cewa yaron ba ya duban alƙali idan ana masa gyara, ko ba ya saurare ne. Da daddare na zaunar da shi na ce masa a fili ya dubi idon alƙali, idan kuma mun je gida gaban kakansa ya dubi ƙasa. Ya tambaye ni wanne ne ladabin gaskiya, na ce masa duka biyun.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin a gaban ɗana na yi shi. An hana ƙungiyarsu maki biyar da na tabbata sun ci, sai tsohon hali ya motsa, na ɗaga murya da Hausa na ce an saye shi, na kuma ƙara da Turanci don kada ya zama bai ji ba. Alƙalin, wani matashi da bai wuce shekara 17 ba, ya tsayar da wasa ya kira mai horar da yaranmu, shi kuma ya tako har inda nake ya roƙe ni cikin sanyin murya da in koma bayan igiya in yi shiru. A mota ɗana bai yi mini magana ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Baba, idan ni na faɗi haka, mita 10 za a mayar da mu baya."

Wannan mita 10 ita ce ta buɗe mini ido. A zari-ruga, idan aka busa maka laifi ka yi gardama, alƙali ba ya jayayya da kai, sai dai ya matsar da wurin bugun gaba da mita 10, kuma a wasan da bugun hukunci ke kawo maki uku, wannan tazarar na iya mayar da bugun da ba zai kai ba ya zama tabbatacce. Abokan wasanka ne za su fara hararar ka kafin kowa. Katin gargaɗi kuma yana barin ƙungiyarka da mutum 14 na minti 10, alhali a manyan wasannin ƙwallon ƙafa mai katin farko yana ci gaba da wasansa. Kyaftin ne ke magana da alƙali, a manyan wasanni kuma alƙalin yana ɗauke da makirufo, duk abin da ka faɗa masu kallo a gida suna ji. A wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta Ingila a 2013, alƙali Wayne Barnes ya ba kyaftin ɗin Northampton, Dylan Hartley, jan kati saboda kalmar maguɗi da ta fito daga bakinsa, aka dakatar da shi mako 11. Shekara goma bayan haka Aleksandar Mitrovic na Fulham ya ture alƙali da hannu a Old Trafford, ya sami dakatarwar wasa takwas. Sannan a ƙwallon ƙafa ci ba shi da yawa, fanareti ɗaya na iya raba gardama, don haka wanda ya faɗi yana birgima yana da riba a gabansa, kuma ɗan Adam ba ya barin abin da ke biyansa.

Ban daɗe ba kuma na gano cewa masu cewa "sa" ɗin ma ba waliyyai ba ne. A watan Afrilu na 2009 ɗan wasan Harlequins, Tom Williams, ya tauna ƙwayar jinin bogi a wasansu da Leinster don a sami damar mayar da gwanin bugunsu fili, abin da ya jawo wa shugaban masu horarwarsu Dean Richards, tsohon gwarzon Leicester, dakatarwar shekara uku. Shi kansa Barnes, bayan ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2023 a Faransa, inda Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da 12 da 11 kuma kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, ya sami jan kati, barazana ya sha a intanet, shi da iyalinsa. A ɗaya ɓangaren kuwa, Paolo Di Canio da ya ture alƙali har ƙasa a 1998, shi ne a Disamba 2000 ya kama ƙwallo da hannu ya ƙi bugawa saboda mai tsaron ragar Everton yana kwance da rauni, har FIFA ta ba shi lambar yabo. Ina ganin dattijon abokina ya ɗora wa hali abin da doka da sabo suka gina.

A Babbar Sallar 2024 na zo gida, ta kuma dace da gasar nahiyar Turai da aka yi a Jamus, wadda aka ce a cikinta kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali, wanda ya kutsa kai ya sha kati. A gidan kallo na kusa da Ƙofar Ƙaura matasa suna ta mamakin yadda 'yan wasa ke ja da baya, na ce musu daga zari-ruga aka aro, suka ce Yaya ya fara kawo mana labarin Turai. Kawuna, wanda a ƙuruciyarsa ba a yin dambe a yankinmu ba ya wurin, shi ne ya saurare ni har ƙarshe a zaure washegari. Da na kwatanta masa turereniyar mutum 16 da yadda wuyan kowa ke dogara da umarnin alƙali, ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ɗan nan, inda ake dukan gaske ba a raina mai rabo. Ɗan dambe ya san gobe shi zai iya zama a ƙasa."

Kwana biyu kafin in koma, yaran unguwa suka roƙe ni in hura musu wasan yamma, suka miƙo mini usur ɗin roba. Na tara su a tsakiyar fili na ce sharaɗina biyu ne, kyaftin kaɗai zai yi mini magana, wanda kuma ya yi gardama zan ƙara taku goma a kan ƙungiyarsa. Kowa ya ce ya ji. Ba a yi minti biyar ba aka yi wa wani ƙeta, na busa, sai ga yara shida sun kewaye ni, na tambayi wane ne kyaftin, huɗu suka ɗaga hannu. Na ɗauki ƙwallon na fara ƙirga taku da ƙarfi, ɗan yayata yana biye da ni yana cewa, "Kawu, wallahi wannan ba ta cikin dokar FIFA." Na ƙara goma. A karo na uku da na busa, mai tsaron ragarsu ne ya baro gidansa a guje ya toshe wa ɗan yayar tawa baki da safar hannunsa, aka buga bugun tazara daga inda laifin ya faru, muka ci gaba har aka kira magariba a masallacin unguwa, ana biyu da ɗaya.