Gadon attajirai: ba a lissafi ake rigima ba

Da wuya ka ji 'ya'yan attajiri suna musu a kan cewa namiji yana da rabon mata biyu. Suratun Nisa'i ta gama wannan magana. A ce Alhaji ya bar naira miliyan 800 bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya. Yana da mata huɗu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Tumunin matansa, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 100 ne, kowacce 25. Ragowar 700 a kasa goma: kowane ɗa 140, kowace 'ya 70. Malamin zaure zai gama wannan kafin shayi ya huce.

Inda ake kai ruwa rana shi ne tantance abin da mamacin ya mallaka.

“Ai Baba ya ba ni gidan nan tun yana raye.” A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, kyauta ba ta tabbata sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Idan Alhaji ne ke karɓar kuɗin haya har ya cika, takardar filin ma tana cikin durowarsa da sunansa, alƙali zai mayar da gidan cikin gado. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin yaro kyautarsa, amma sai ya kafa shaidu. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai sauran magada sun yarda.

Kamfani ya fi komai wuyar sha'ani. Muddin an yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tireloli da masana'anta na kamfanin ne, abin da ake gada hannun jarin mamaci ne kawai. Galibi babban ɗa ne darakta, shi ke sa hannu a banki, ƙannensa na wani ɗaki ba su taɓa ganin littafin asusu ba. Kotun shari'a za ta faɗi rabon kowa, amma ƙorafin yadda ake tafiyar da kamfani hurumin Babbar Kotun Tarayya ne. Banki kuma ba zai saki kuɗi ba sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Gida ɗaya, shari'a a kotu biyu ko uku, lauyoyi na shan romo.

Wani lokacin ma su wane ne magadan shi ne abin faɗa. Cif MKO Abiola, da ya rasu a 1998, wasiyyarsa ta nemi a yi wa 'ya'ya gwajin jini, aka kuwa yi shekaru ana ja-in-ja.

A ganina jinkiri ya fi kwaɗayi ɓarna. Ana cewa “a bari a sha iska”, sai wata matar ta rasu kafin rabo, kasonta ya koma ga nata magadan, har da 'ya'yan da ta haifa a wani gida. Gara bayan sadakar arba'in a rubuta kowace kadara gaban wakilin kowane ɗaki, a kawo ƙwararren mai ƙiyasta farashi wanda ba ɗan gida ba. Abin da ba ya rabuwa, kamar gidan mai, a sayar, ko wani magaji ya saye rabon 'yan'uwansa a rubuce gaban alƙali.