Yau muka ɗaura sabon furosesa, ya kai digiri 95

Asabar, da dare.

Sai yanzu na samu zama. Tun da hantsi nake durƙushe gaban akwatin kwamfuta, ni da ƙanena, muna haɗa injin da zan riƙa aiki da shi. Bayana ya riƙe, amma raina fes yake, don haka bari in rubuta yadda aka yi tun abin bai fita kaina ba.

Gardamar wane furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, za a saka mun daɗe muna yin ta, kuma ko yau da kwalin yake hannuna bai haƙura ba. Yana kwance notin murfin akwati yana cewa, "Yaya, da ka ji tawa da 7800X3D ka ɗauko. A gem babu mai kamo ƙafarsa." Ban ƙaryata shi ba, don yana da hujja. Wancan 7800X3D ɗin, furosesan Ryzen 7 na kamfanin AMD, ƙwayoyin aikinsa (ƙananan injunan lissafin da ke cikinsa) 8 ne kawai, amma AMD ta ɗora masa ƙarin ma'ajiyar kusa har ta kai MB 96. Shi kuwa gem abu ɗaya yake ta nema yana maimaitawa, to idan ya same shi a kusa ba sai an je RAM, babbar ma'ajiyar aiki da ke wajen furosesa ba, motsin hoto sai ya yi santsi. Ga shi ba ya shan wuta sosai. Wanda gem ne kaɗai a gabansa, ni ma shi zan ce ya saya.

To amma ni da tace bidiyo nake ci. Yini nake a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, in matse fayiloli a manhajar HandBrake, wani lokaci kuma in haɗa wani abu a manhajar zane ta Blender wanda ya fi ƙarfin ma'ajiyar katin hotona, dole aikin ya koma kan furosesa. Irin wannan aiki rarrabuwa yake kan duk ƙwayoyin da ya samu, kowace ta ɗauki kasonta. Shi ya sa na tsaya kan Ryzen 9 7950X mai ƙwaya 16. Gem da dare nake yi, a kan babban allo mai 4K, inda katin hoto ne yake fara gajiya tun kafin a zo kan furosesa. Na duba 7950X3D da ya haɗa biyun, sai dai ƙarin ma'ajiyar a ɓangare ɗaya take cikin ɓangarorinsa biyu, kuma sai Windows ta gane cewa gem ake yi kafin ta tura shi can. Ban so in rataya jin daɗina a kan wannan ba.

Core i9-14900K na Intel ma ya daɗe a raina. Ƙwaya 24 gare shi, yana taɓa GHz 6, kuma Quick Sync ɗinsa, sashen sarrafa bidiyo da ke cikinsa, na taimaka wa masu bidiyo ƙwarai. Matsalar da aka yi ta magana a kanta a 2024, ta lantarkin da ke yi wa wasunsu yawa, kamfanin ya fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ya kuma ƙara garanti na shekara 2. Abin da ya karkato da ni shi ne soket, gurbin da furosesa ke zama a kan madabod, babban allon da ake haɗa komai a kai. Soket ɗin Intel, LGA1700, ya tsaya a kan zubi na 14 na furosesocinsu, na AMD kuwa, wato AM5, AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye. Ina son madabod da zan iya sauya masa ƙwaƙwalwa nan gaba ba tare da na wargaza komai ba.

Sai batun sanyaya, wanda shi ya cinye mana yinin. Ƙanena masanyayi na ruwa yake so, mai lagireto na milimita 360 da fanka 3 masu fitilu. Na yarda ya fi kyan gani, kuma a wuta mai yawa yana iya ɗan fin na iska. Amma ni na iska na ɗauko, Noctua NH-D15, ƙaton ƙarfe mai hasumiya biyu da ya haura kilo ɗaya. Dalilina bai wuce wannan ba: na ruwa yana da famfo, kuma ranar da famfo ya tsaya aiki ya tsaya, sai an sauya shi dungurungum. Na iska idan fanka ta mutu, ƙarfen na nan yana jan zafi har ka samo wata.

Da na miƙa masa ya riƙe, na nuna masa bututun jan ƙarfe 6 da suka taso daga gindin suka ratsa faifan alminiyam. Na ce, "Ka san wannan ma ruwa ne a ciki?" Ya ɗaga kai ya dube ni. Ɗan ruwa ne kaɗan aka rufe a ciki bayan an zuƙe iskar, shi ya sa yake tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya hau sama, ya tarar da faifan da fanka ke hurawa, ya koma ruwa, bangon bututun na ciki ya tsotso shi ya dawo da shi ƙasa. Haka yake ta kewayawa, babu inji babu ƙara. Duk lokacin da na tuna wannan dabarar sai ta burge ni.

Wurin saka furosesan na ce kada ya yi mini magana. A AM5 ƙusoshin ba a jikin furosesa suke ba, a cikin soket suke, guda 1718, sirara ƙwarai, kuma ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. Na kama shi ta gefe da yatsa biyu, na daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwarsa da na soket, na ajiye shi a hankali ba tare da na danna ba. Da na sauke sandar makullin sai da na ji tana turjewa, baƙin murfin roban ya yi tsalle ya fita da kansa kamar yadda aka tsara. Man ɗaukar zafi ɗigo ɗaya na sa a tsakiya, bai fi milimita 4 ba, saboda murfin wannan furosesa yana da gibi a gefuna, kuma ban so man ya malala ciki. Aikin man bai wuce cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu ba, yawansa ba ya ƙara komai. Da na ɗora masanyayin, notinsa biyu kuma bi da bi na ɗaure su, juyi kaɗan nan, juyi kaɗan can, har suka tsaya da kansu. Fankar gaba sai da muka ɗan ɗaga ta saboda tsayin RAM, gilashin gefe ya rufu da kyar.

Tashin farko lafiya lau, alhamdu lillahi, duk da allon ya daɗe a baƙi yayin da madabod ke gwada RAM ɗin. Muka sabunta BIOS, muka saka Windows.

Da yamma na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudu, a gefe, na saki Cinebench, manhajar gwajin ƙarfin furosesa, a kan duk ƙwayoyin. Kafin ka ce kwabo lambar zafi ta haura, ta je 95 ta tsaya cak. Fankoki suka ɗau kuka. Ƙanena ya miƙe tsaye, hannunsa na kan maɓallin kashewa: "Yaya, kashe shi! Wallahi ƙonewa zai yi. Ai na ce maka na ruwa." Na riƙe hannunsa na ce ya duba layin da ke ƙasa, na saurin agogo. Ƙwayoyin duka suna gudu daram, babu wadda ta ja baya.

Wannan zubin na Ryzen 7000 haka aka ƙera shi. Yana ta ƙara gudu har sai ya ci karo da ɗaya daga iyakokinsa, ko ta wuta wadda take wat 230 a soket, ko ta zafi wadda take digiri 95, kuma AMD da kanta ta ce an yi shi ya zauna a wurin. Ko an sa masa na ruwa, a irin wannan gwaji yawanci can zai nufa, sai dai ya ɗan ƙara gudu. Dalili kuwa, ƙwayoyin a cunkushe suke kan 'yan gutsattsarin silikon biyu, kowane bai fi murabba'in milimita 70 da ɗoriya ba, sannan murfin ƙarfen da ke kansu an yi shi da kauri don masanyayan tsohon soket na AM4 su ci gaba da hawa. Zafin yana shan wuyar fitowa daga wannan matsatsin ne, tun kafin ya iso hannun masanyayi. Na sa ya taɓa faifan alminiyam, ya ji ɗumi ne kawai.

A nan ne na fi son ya fahimce ni, don mutane da yawa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Digiri yana gaya maka yadda zafi ya taru a wuri guda. Wat ne yake gaya maka yawan zafin da ake haifarwa. Kan ashana ya fi tukunyar ruwan zafi digiri nesa ba kusa ba, amma tukunyar ce za ta ɗumama ɗaki. Kuma masanyayi, na ruwa ne ko na iska, ba ya kashe zafi ko kaɗan, kwashe shi yake ya zuba maka a ɗakin da kake zaune. Wat 230 ɗin nan, da abin da katin hoto zai ƙara, duk a jikina za su ƙare idan na yini ina fitar da bidiyo.

Saboda haka na koma BIOS na kunna tsarin Eco na wat 105, wanda ke tsayar da abin da soket ke ja a wat 142. Muka sake gwajin. Lambar ta tsaya nesa da 95, fankoki suka koma numfashi, makin kuma ɗan kaɗan ya ragu, abin da ba zan taɓa ji a aikin yau da kullum ba. 'Yan megahaz ɗin ƙarshe su ne masu cin wuta, don kowane ƙarin gudu yana neman ƙarin lantarki, zafi kuma yana ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. A haka na bar shi, kuma a haka nake ganin zai zauna.

Bayan nan na bar masa kujerar ya buga gem ɗinsa. Bai ce ya janye maganarsa kan 7800X3D ba, ni ma ban nema ba, amma sai da na yi da gaske kafin ya tashi. Gobe in sha Allahu zan shiga saitin Curve Optimizer na cikin BIOS in rage lantarkin kaɗan-kaɗan, ina gwada ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don irin wannan ragin ya fi nuna matsalarsa lokacin da inji ke zaune ba ya aikin komai. Akwai kuma wayoyin bayan madabod da muka cusa da gaggawa, su ma suna jiran a ɗaure su.